Abin da Ya Mutu a Cikin Ordinatar Faruƙ

Shafi na 19

Da sunan Allah. Masu tambayar ko Habsa ta yarda ta je Madawa, ta je. Ga ta a butik, wato shagon mai gyara.

Habsa ta yi zaton za ta ji wani abu idan aka buɗe cikin ordinatar mijinta Faruƙ, kwamfutar nan ta sawa a jaka. Mai gyaran ya kife ta a kan tebur, ya shiga kwance 'yan ƙusoshin bayanta da sauri irin na mahauci, ita kuwa tana zaune a benci, hannuwa a cinya, ba ta jin komai sai zafin kwanon rufi a tsakar kanta.

Yaƙubu, yayan marigayi Faruƙ, bai zauna ba. Yana tsaye a bakin ƙofa da babbar riga, ya tare rabin hasken.

"Kai ne Mahfuzu?" in ji shi.

"Ni ne, Alhaji."

"To ba dogon zance ya kawo mu daga Buza ba. Ordinatar ƙanena ce, Allah jiƙan shi. Da ita yake haɗa bidiyon biki. Garkata, lambuna na fadama, na saida na saya mai ita. Ya mutu ya bar ta lahiya lau."

Mahfuzu bai ɗago ba.

"Wagga kuma," Yaƙubu ya nuna Habsa da haɓa, "tana cikin takaba sai ta riƙa kunna ta bisa matashin kai, ta lulluɓa zane, wai tana kallon mijinta. Da aka hito da kayan gado gaban malamai, an kunna. Hitila ta kama, fanka na kuka, ekaran kuwa, gilashin, baƙi ƙirin. Wani yaron Buza da ya yi lakwal, ɗan boko, ya ce min matashin ne ya toshe mata numfashi, babban katin hoto ya ƙone."

"Ana yin haka," in ji Mahfuzu.

"Kin ji ko?"

"Na ji, Yaya."

Ta ji tun a gida. A gaban dangi ya faɗa, da murya a kwance, cewa wadda ta kasa riƙe ƙarfe ɗaya na marayu ba za ta iya riƙe marainiya ba, don haka ɗiyarta Ikram za ta koma gidansa. Inna Tabawa, uwar su Faruƙ, ita ce ta ce a dakata, kada a raba ɗiya da uwarta a kan maganar yaro, a kai na'urar wurin wanda ya sani. In ya ce matashin ne, shi ke nan. Habsa ce ta ambaci sunan Mahfuzu, don shi kaɗai ta taɓa ji a bakin mijinta.

Ba ta musa zancen matashin ba. Ina za ta aje abin da aka sayar da garka a kansa? A ƙasa, kamar takalmi? A gidansu abu mai daraja sama ake sa shi, a kan abu mai laushi, a rufe.

Wayar Yaƙubu ta yi ƙara. Ya saurara, ya ja tsaki.

"Kamiyon Lome ne, wai sun rikice da 'yan dako a kan lodin albasata. Bari in leƙa kasuwa. Kai, duba da kyau. Kalma guda nike so."

Ya fita. Haske ya cika butik ɗin.

Mahfuzu ya ɗage murfin baya ya aje gefe. Ya daɗe yana kallon cikin, turnebis ɗin kwance ƙusa a hannu, bai taɓa komai ba.

"Madam, ke ce uwar Ikram?"

"Ni ce."

"Allah jiƙan shi."

"Amin."

"Mi Alhaji zai yi da kalmar da yake so?"

Habsa ta faɗa masa. Ta faɗa kamar labarin wata mata ta Tama da ta ji a mota. Ikram ta fara lakwal bana. Tana tsoron kare, kuma gidan Yaƙubu akwai kare.

Mahfuzu ya aje turnebis.

"Matso ki gani."

Ta matso. Wani koren faranti ne da 'yan ƙananan abubuwa kamar garin da ake hange daga kan dutse.

"Wagga na'ura kati biyu gare ta masu zana hoto. Ga ƙarami nan, ba ki ma ganin shi, don cikin ƙwaƙwalwarta yake zaune. Kamar ɗan da bai hita gandu ba. Rumbu guda, tukunya guda, abin da babba ya rage shi yake ci. Bai da yawan ci, bai da zahi. Rubutu, kallon bidiyo, duk shina iyawa."

Ya kai yatsa kan wani baƙin murabba'i kusa da fanka.

"Wanga shi ne babba. Shi ya ware, da rumbunai da murhunai. Shi ke ɗaukar aiki mai nauyi, irin montaj, haɗa bidiyon nan da mijinki ke yi. Amma ci gare shi, kuma zahi gare shi. An ƙera shi don ƙasar da mutane ke sa rigar sanyi cikin ɗaki, sai aka kawo shi nan Adar."

"Shi ya mutu?"

"Shi ya mutu."

Habsa ta gyaɗa kai. Ta fara tunanin kayan Ikram, waɗanda za ta sa a buhu da waɗanda suka yi mata kaɗan.

"Ba ki tambaye ni yaushe ba," in ji Mahfuzu.

Ta dube shi.

Ya sa farce ya ɓalle wani ɗan pil, ƙaramin batir mai kama da dala, daga gefen farantin, ya ɗauko sabo a gwangwani ya maye. Ya juya na'urar, ya sa sharjar, ya danna, ya ci gaba da dannawa a wuri ɗaya. Wani shuɗin rubutu ya fito. Ya taɓa nan, ya taɓa can. Ekaran ya yi duhu, sannan ya waye.

Ga Faruƙ. Yana dariya, Ikram a kan wuyansa ta riƙe kunnuwansa.

Habsa ta kalli hoton. Ta jira zuciyarta ta motsa. Abin da kawai ta lura shi ne akwai ƙura a kusurwar gilashin.

"Ka gyara ta," in ji ta.

"Ban gyara komi ba. Na sake hwaɗa mata abin da na hwaɗa mata tun bara, cewa ta manta da babban, ta yi aiki da ƙaramin. Wanga ɗan pil shi ke riƙe mata maganar. Ta daɗe a akwati ba wuta, pil ɗin ya mutu, sai ta manta, ta koma tana buga ƙohwar wanda ya mutu. Shi ne baƙin da kuka gani."

"Tun bara."

"Tun bazarar bara. Kahin damina."

"Bara yana da rai."

"Shi ya kawo ta da hannunai. Nan ya zauna, inda kike."

Habsa ta dubi bencin. Itace ne, da tabon mai.

"Matashin fa?"

"Matashin bai da kyau, kar ki sake. Amma bai kashe abin da ya riga ya mutu ba. Zahin Afirilu ne da aiki ba hutu. Na'urar ma ba sabuwa ba ce da aka saido mai."

"Ba a canza shi?"

"A manne yake da farantin. Sai dai a canza farantin gaba ɗaya, kuma sai an aiko daga nesa. Ya ce zai tara ya dawo."

Wani ya leƙo da waya a hannu yana tambayar sharjar. Mahfuzu ya ce ya dawo anjima. Habsa tana kallon kunnuwan Faruƙ a hannun 'yarsa.

"Malam Mahfuzu."

"Na'am."

"Ka ce ƙaramin ba ya montaj."

"Irin nashi, a'a. Hotunan kamararsa nauyi gare su. Ya gwada. Bikin wasu mutanen Galma ya kwana biyu tana cijewa, tana tsayawa, amarya ta buɗe baki ta daskare. Suka zo har nan suka zage shi. Daga nan bai ƙara amsar aiki ba."

"Kowane mako yana tahiya aiki. Keita. Tabotaki. Ni nike sa mai ita a jaka."

Mahfuzu ya shafa fuska.

"Ya rantsar da ni kar yayanai ya ji. Ya ce mutumin da ya saida garka saboda shi ba zai ji an ce garkar ta ƙone a ɗaki ba. Ke bai ambace ki ba. Ina jin bai taɓa zaton ƙahwarki za ta taka nan ba."

"Ina yake zuwa?"

"Madam."

"Mace ce?"

"A'a. Wallahi a'a."

"To ina?"

Ya miƙa hannu bayan tebur, ƙarƙashin tarin wayoyi, ya nuna wani ƙusa a bango.

"Nan yake rataye jakar. Ya tuɓe rigar shadda ya ninke, ya sa wata tsohuwa. Sai ya tahi kasuwar albasa."

"Yana saye?"

"Yana dako."

Kalmar ta shiga kunnenta ta zauna. Ta tuna warin albasa a wuyansa, da ya ce direbobin kamiyo ke rage masa hanya. Ta tuna kantar da ta fito masa a kafaɗa, da ya ce igiyar kamara ce. Ta shafa masa man kaɗe a wurin, tana yi masa tsiya cewa kamararsa ta fi jaki nauyi. Ya yi dariya ranar. Ita ma ta yi.

"Bai iya ba da hwarko," in ji Mahfuzu. "'Yan dako suna ce mai Patoro, wai maigida, don hannunai laushi. Daga baya ya iya. Har sama yake hawa yana jera buhu."

"An ce min daga kabu-kabu ya hwaɗo. A hanyar Keita, ya taso daga biki."

Mahfuzu ya ɗauki turnebis, ya sake ajewa.

"Yaya Yaƙubu ne ya kawo shi gida. Shi ya ce haka."

"Ni abin da na sani, ranar jakar tana nan rataye. Da la'asar wani ɗan dako ya zo ya ce min igiya ta tsinke, Patoro ya hwaɗo daga saman lodi. Kahin in isa an ɗauke shi. Jakar na ba wani direban Buza, na ce ya miƙa gidansu, kar ya ce daga ina."

Jakar ta iso bayan an yi addu'ar uku. Habsa ce ta karɓa. Babu ƙura, babu yagewa, rigar shadda a ninke a ciki. Mutum ya faɗo daga moto, wato babur, da jaka a baya, jakar ba ta ƙuje ba. Ta rataye ta a ɗaki ba ta yi tunani ba. A lokacin ba ta tunanin komai. Yanzu ma ba ta tabbata tana yi ba.

"Sha ruwa," in ji Mahfuzu, ya miƙo mata leda.

Ta karɓa ta riƙe.

"To ai ta kama," in ji ta. "Yaya zai ga ta kama. Shi ke nan."

"Zai gani. Amma ba ekaran ya zo tambaya ba, babban kati ya zo tambaya. Ko ban hwaɗa ba, duk wanda ya saye ta don montaj, ranar hwarko zai gane, ya maido ta. Sai a koma kan matashinki."

"To hwaɗa wa Yaya babban katin yana da rai."

"Ba ni yin ƙarya a kan aiki."

"To ka ce ya mutu tun bara."

"In na ce tun bara, zai ce mi ƙanenai ke yi tun bara. Na yi rantsuwa, Madam. Wanda na yi wa ba ya nan balle ya kwance ni. Ke ce kike da hakki a kanshi yanzu, ke da ɗiyatai. In kin ce in hwaɗa, na hwaɗa, in yi kaffara. In kin ce in rufe, zan ce ya mutu, in tsaya nan."

"In ka tsaya nan, ni na kashe shi."

"Haka za su ɗauka."

Habsa ta dubi ledar ruwan. Ta yi ɗumi a hannunta.

A Buza har yanzu in an ambaci Faruƙ cewa ake mai ordinata. Inna Tabawa tana faɗa wa masu zuwa gaisuwa cewa ɗanta bai taɓa riƙe kalmen noma ba tun da ya bar lakwal, da kai yake ci. Ikram ta gaya wa maitres, malamarsu, babanta shi ke sa mutane a cikin tele. Shekara guda mutumin yana ninke rigarsa a bayan teburin nan don waɗannan maganganun su ci gaba da zama gaskiya a bakin mutane.

Ta nemi haushinsa a ranta, ba ta samu ba. Ta nemi tausayi, shi ma babu. Akwai dai Ikram, da karen gidan Yaƙubu.

"Ya taɓa maganata?" in ji ta.

"Ya ce kina da yawan gishiri a miya."

"Haka ne."

"Ya ce in ya canza farantin zai hwaɗa miki duka, ku yi dariya."

Habsa ta gyaɗa kai, kamar an gaya mata farashin gero.

Inuwa ta sake tare ƙofa. Yaƙubu ya shigo yana goge zufa da hannun riga, ɓawon albasa manne a kafaɗarsa. Ya ga ekaran. Ya ga ƙanensa yana dariya. Ya kau da kai da sauri ya dubi bango.

"Ta kama ke nan."

"Ta kama, Alhaji. Wani ɗan pil ne."

"Ban tambaye ka pil ba. Babban katin, wanda ke aikin. Yana nan?"

"Ya mutu."

"To." Yaƙubu ya sauke numfashi. "Tashi mu tahi, Habsa. Kin ji da kunnenki. Ba ni na ce ba."

Habsa ba ta tashi ba.

"Yaya, ba ka tambaye shi yaushe ba."

"Mi ya haɗa ni da yaushe?"

"Tambaye shi."

Yaƙubu ya dube ta. Tun da aka kawo ta gidansu ba ta taɓa ba shi umarni ba, ko na miƙo buta. Ya juya ga mai gyaran.

"Yaushe?"

Mahfuzu ya dubi Habsa.

Ta ji muryarta ta fito daidai, ba rawa, kamar ta wata.

"Hwaɗa mai, Malam. Kaffarar tana wuyana."

"Tun bazarar bara, Alhaji. Mai ita na da rai. Shi ya kawo ta nan, ni na kashe babban na bar mata ƙaramin. Matashin Madam bai taɓa shi ba. Tun lokacin bai ƙara montaj ba. Abin da yake yi in ya zo Madawa kuwa..."

"Ya isa."

"Alhaji, sai na ƙare, don..."

"Na ce ya isa." Yaƙubu bai ɗaga murya ba. Ya zauna a ƙarshen bencin, nesa da Habsa, rigarsa ta sha ƙasa bai tattare ba. "Na katin ne ban sani ba. Na zata lalaci ne ya sa ya bar aikin, ko caca. Wancan kuwa na sani."

Fankar ordinatar tana juyawa a hankali. Babu wanda ya motsa.

"Ka sani," in ji Habsa.

"Ranar na sani. Ina tsaye ƙasa ina ihu a yi sauri, direba na jira. Ban ɗaga kai na ga wa ke sama ba. Ya rufe huska da rawani." Ya cire ɓawon albasar daga kafaɗarsa, ya duba, ya riƙe. "Lodina ne. Igiyata ce. An ce min ta tsufa, na ce ta ƙara tahiya guda."

Mahfuzu ya miƙa hannu ya rufe ordinatar a hankali.

Habsa ta aje ledar ruwan a kan benci, a tsakaninsu.

"Kabu-kabu," in ji ta. "Hanyar Keita."

"Mi kike so in ce wa Inna?"

"Ban sani ba."

"To ni ma ban sani ba."

Ta daɗe tana kallon hannuwansa. Manya ne, irin na gidansu, irin na Ikram.

"Yanzu ka ji ba ni ce na kashe ta ba, Yaya."

"Na ji."

"To in mun koma, gaban Inna za ka ce Ikram ta zauna wurina."

Yaƙubu bai dube ta ba.

"In na ce haka," in ji shi, "Inna za ta tambayi dalili."